Wa ya san lafiyar unguwa?

Duk sanda aka turo baƙi su duba yanayin lafiya a mazaɓarmu, hanya ɗaya suke bi. Su sauka a asibitin sha-ka-tafi, a buɗe musu rajista, su ƙirga masu zazzaɓi da mata masu zuwa awo, su leƙa firijin alluran rigakafi, su gaisa da mai unguwa, su hau mota. Ban ce aikin banza ba ne. Amma rajistar nan waɗanda suka zo kaɗai ta sani. Yaron da ya wuni yana amai da gudawa, aka aika kemis aka sayo masa magani, ya cika kafin asuba, aka kai shi makwancinsa da hantsi, babu littafin da sunansa ya shiga. Mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma ba kasafai ake neman takardar shaidar rasuwar yaro ba. Sai a rubuta cewa unguwa lafiya lau, alhali an yi zaman makoki a lungu uku.

Ni malamin makaranta ne, ba likita ba. Dattawa ne suka tura ni cikin kwamitin raya mazaɓa, wai don na iya riƙe biro. Da damina ta kama, shawarar da na kawo ita ce mu bar jiran rahoto, mu je mu tambayi waɗanda ba a tambaya. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai kemis ɗin bakin masallaci na fara samu. Ko gama tambaya ban yi ba ya ce, “Malam, tun da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, gishirin ORS na masu gudawa ba ya kwana a shagona. Kuma yawancin masu sayen daga layin bayan makaranta suke fitowa.” Bai taɓa rubuta komai ba, amma ya san gida-gida, ya san wanda ya karɓa bashi. Daga nan na wuce maƙabarta wurin dattijon da ya fi kowa daɗewa yana haƙa. Na ce, “Baba, yaya aiki a 'yan kwanakin nan?” Bai amsa da baki ba. Ya kama hannuna ya kai ni gefen gabas, ya nuna mini sababbin kaburbura, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba, yawancinsu ba su wuce kamu uku ba. Sannan ya ce, “Na yara sun fi yawa, ɗana. Bara war haka ba su kai haka ba.”

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar mai haƙar kabari da muhimmanci shi ne abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara suka yi ta farfaɗiya suna mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani, ba sauƙi. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen, aka ɗebi jini aka gwada, sannan aka gane gubar dalma ce. Duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Da aka bi gida-gida ana tambaya a ƙauyuka biyu, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya fiye da yara 400 aka rasa. Daga baya mutanen ƙauyukan suka ce ai tun da farko sun ga agwagi suna ƙarewa, sai dai ba wanda ya tambaye su. Gyaran ma ba da allura aka fara ba: sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, don in aka yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa. Ƙauyen Bagega kuwa, da shi ma gubar ta shafa, sai a 2013 aikin ya iso gare shi.

Tamu matsalar ba ta kai can ba, kuma ba a ɓoye take ba. Ruwa ne. Da muka zana layukan unguwa a bayan tsohuwar kalanda muka ɗiga alama a kowane gida da aka yi gudawa, sai ɗigon ya taru a wuri guda. Gidajen nan duk 'yan garuwa ɗaya ke kai musu ruwa, su kuma a rijiya ɗaya suke cika jarkokinsu in burtsatse ta yi layi. Na je na ga rijiyar. Bakinta daidai yake da ƙasa, ba murfi, guga uku yashe cikin caɓi, bayan katangar kuma masan maƙwabci ne.

Masana suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Ina jin wannan nakan yi murmushi. Fulotin da faɗinsa ƙafa 50 ne bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, kuma nawa ne cikinmu ke da cikakken fuloti? A cunkoson da muke ciki wannan ƙa'ida ba za ta yiwu ba, don haka gara a faɗa wa mutane abin da za su iya: a ɗaga bakin rijiya da bulo a yi mata daɓe da murfi, a rataye guga, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin a jira minti 30. Randa ma a rufe, a bar tsoma moɗar da kowa ya sha da ita. Kuma don Allah a daina ɗora wa ɗan garuwa laifi shi kaɗai. Mutumin da ke tura kura tun asuba, in ka ce ya wanke jarka da sabulu, wa zai saya masa sabulun?

Kakata har ta rasu tana ba da labarin duba-gari, yadda suke shiga gida su buɗe randa, in suka ga 'ya'yan sauro a ci mai gida tara. Ba tarar nake kewa ba, shigar gidan nake kewa. Yanzu namiji irina iyakarsa zaure. Masu shiga ciki su ne ungozoma da matan nan masu ɗigon foliyo, waɗanda ke rubutu da alli a jikin ƙofa. Su ne suka yi wahalar da ta sa a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Su ne kuma suka san matar da ta haihu a gida, da yaron da bai karɓi allurar mako 6 da 10 da 14 ba, irin yaran da mashaƙo ya fi yi wa ɓarna a Kano a 2023. A ganina duk binciken lafiyar da bai zauna da waɗannan mata ba, rabinsa ya yi.

Su muka roƙa su koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari in kemis ya rufe: ledar fiya wata biyu lita ɗaya ke nan, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sannan ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono, in yaro ya kasa sha ko idonsa ya faɗa a garzaya asibiti. Mai kemis kuma ya yarda duk Juma'a zai gaya wa jami'ar asibiti layin da aka fi sayen ORS.

Maganar rijiyar tana gaban dagaci. Mai ita ya ce ba zai rufe ba sai an gwada ruwan an nuna masa sakamako, kuma ni dai na ga yana da hujja. Kuɗin gwajin muke haɗawa yanzu, 'yan garuwa ma sun kawo nasu.