Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abin da Alƙahira ke ci

Makon jiya mun tsaya a saukata Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Azhar 'yan Afirka suka fi yawa. Yau zancen ciki za mu yi, domin shi ne ke fara ba baƙo wahala.

Alƙahira da wake take karya kumallo. Ful suke ce masa, faffaɗan wake ne mai kaurin ɓawo, ya ninka namu girma. Tun asuba za ka ga amalanken mai ful a bakin layi, da wata tukunya mai ƙaton ciki da siririn wuya, idra, an jingine ta a karkace. Ma'aikaci da ɗan makaranta duk a tsaye suke ci. Dahuwarsa ba ta son gaggawa. A jiƙa shi kamar awa 12 ana sauya ruwa, a zuba a tukunya da ruwa mai yawa, a jefa tafin hannu ɗaya na jan adas, wasu ƙananan ƙwayoyi dangin wake, don ya yi kauri, sannan a bar shi kan wuta 'yar mitsitsiya ya kwana. Ɗaliban da ke gwadawa a ɗaki wuri uku suke ɓata shi: su sa gishiri tun farko ɓawon ya ƙi laushi, su riƙa buɗe murfi ya yi baƙi, ko ruwa ya ƙone su ƙara na sanyi. Tafasasshe ake ƙarawa. Gishiri da kammun, wani kayan ƙamshi, da lemon tsami da mai sai a faranti. Wanda likita ya taɓa gaya wa yana da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD kuwa ya nisanci ful, yana farfasa ƙwayoyin jini.

Da wannan waken ake yin ta'amiyya. Ƙosai ne in ka gan shi daga nesa, amma a faɗaɗe yake, da riɗi a bayansa, in ka gutsura cikinsa kore shar saboda ganyayyakin da aka niƙa tare. Ni dai ƙosanmu ya fi min taushi.

Duk wannan ba ya tafiya sai da burodi, wanda suke kira aish, wato rayuwa. Zagayayye ne, mai aljihu, da dusa a ƙasansa. Da shi ake ɗibar ful, ba ruwanka da cokali. Na tallafin gwamnati da kati ake saye, guda biyar ga kowane mutum a rana, kuma ya shekara fiye da 30 a kan kirshi 5 (kirshi 100 ne fam ɗaya na Masar) kafin a mayar da shi 20 a 2024. Baƙo ba shi da wannan kati, na kasuwa zai saya. Idan ya fito da zafi a shanya shi ya sha iska kafin a sa a leda, in ba haka ba ya yi gumi ya cuɗe. In gutsurensa ya faɗi a hanya, za ka ga mutum ya ɗauke ya ajiye jikin bango don kada a taka.

Da rana koshari ne: shinkafa, adas, makaroni, miyar tumatir, soyayyar albasa a sama. Kwalabe biyu ke kan tebur, ɗaya ruwan tafarnuwa da khal, wato ruwan tsami na binega, ɗaya barkono. Na biyun a ɗiga kaɗan tukuna.

Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki shi ne mulukhiyya, don lalo ce tsaf. Sai dai ba kanwa, ba daddawa. Ana yayyanka ganyen da wata wuƙa mai lanƙwasa da mariƙi biyu har ya yi laushi, a zuba cikin romon kaza ko na zomo. A wani kasko daban a soya dakakkiyar tafarnuwa da kuzbara, wani kayan ƙamshi, a juye su da zafinsu a kan miyar ta yi cuuu. A daidai nan uwargida takan ja numfashi da ƙarfi kamar wadda ta firgita, wai sai da haka miyar ke daɗi. Kada a rufe tukunya, kada a bar ta ta yi ta tafasa, don ganyen zai nutse ƙasa ruwa ya tsaya a sama. Zoɓo ma yana nan, karkade, ana shansa da zafi ko da sanyi, amma babu citta da kanumfari.

A gidan shayi kuwa faɗi yawan sukarinka tun farko. Gahawa sada ba sukari, mazbut daidai, ziyada ya yi yawa.

Sayayya ba lallai a sauko ba. Matar da ke hawa na biyar za ta zuro kwando da igiya daga baranda, kuɗi a ciki, mai kayan miya ya zuba mata ta janye. In ka ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe a layi, mai tukunyar gas ne ke buga ta da sifana.

Sai a kiyayi tayin baki. Kana wucewa mai cin abinci zai ce itfaddal, wato bismillah, kai kuma godiya za ka yi ka wuce. Su da kansu suna kiran irin wannan da tayin masu jirgin ruwa, wanda ke tsakiyar kogi yana kiran na bakin gaɓa. Direban tasi ma in ka miƙa kuɗi zai ce khalli, wato bar shi. Sake miƙawa za ka yi, a karo na biyu ko na uku zai karɓa.

Mako mai zuwa za mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.