Takardar da na ba shi da hannuna

A shekara ta biyu ta karatun digirin dakta na haye gadar Kennedy ta Yamai daga Harobanda, jakata cike da takardun tambayoyi guda 60 da na buga da kuɗin aljihuna. Taken binciken da faransanci yake, dogo mai cika baki, kan lafiyar 'yan ci-rani da baƙin haure masu neman jinsinsu, da waɗanda shigarsu da tafiyarsu suka saɓa wa jinsin da aka haife su da shi. A gida Tawa, in Inna ta tambaye ni mi nike karatu har yanzu bai ƙare ba, sai in ce mata lafiyar matafiya. Ta gamsu, don a garinmu da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya.

Wanda na fara zama da shi dattijo ne mai sayar da abinci kusa da tashar Wadata, ana kiransa Baba. Ya tsallako daga Najeriya tun wajen shekarar 2000, lokacin da jihohin arewa suka fara aiki da shari'a, yaransa kuma da yawa sun biyo bayan dokar Janairun 2014 da ta hana auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14. Na karanta masa tambaya ta uku, inda mutum zai zaɓi akwatin da ya dace da shi: HSH, wato maza masu kwana da maza a taƙaicen faransanci, ko wani daga cikin sauran haruffan. Ya juya miya, ya dube ni.

"Ɗan lakkwal, wannan sunan magani ne?"

Na yi bayani ina ta in-ina. Ya ce shi ɗan daudu ne, kowa a tasha ya sani, yana da mata da ɗiya uku a ƙauye, duk wata yana aika musu. Wasu cikin masu zuwa wurinsa masu harka ne, ba su da wata alama, ka gan su a sahun gaba ranar Juma'a. Wasu 'yan Kamaru ne ko Gini da hanya ta yar a Yamai. Akwatunana an sassaƙa su ne a wata ƙasa don wasu mutane. Cikin mako biyu na daina fito da takardar, na koma zama kan benci ina ɓare tafarnuwa ina saurare.

Na zo da sida a kaina, domin kusan duk kuɗin bincike da na magani ta wannan ƙofa suke shigowa. Baba kuwa hawan jini ne damuwarsa, da idon da hayaƙin itace ya cinye. Yaran suna kukan basir, da ciwon haƙori, da rashin barci. Rashin barcin nan ya fi komai yawa a littafina. Masani Ilan Meyer ya rubuta a 2003 cewa ɓoye kai da zaman jiran wulaƙanci kullum suna cutar da lafiyar hankali. Na haddace wannan don jarrabawa, amma sai a bencin Baba na ga mutumin da ya shekara yana kwana da takalmi a ƙafa.

Ga inda na yi ɓarna.

Ƙa'idar bincike kan ɗan Adam, kamar yadda sanarwar Helsinki ta 1964 ta tanada, ita ce kada ka tambayi mutum sai ya san abin da ake yi kuma ya yarda. Kwamitin da ya duba aikina ya ce kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kofi biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa. Na ga hakan daidai ne, har ina alfahari da tsabtar aikina.

Akwai wani saurayi da Aljeriya ta koro. An sauke su a hamada, suka taka kilomita kusan 15 zuwa Assamaka, maganinsa na ƙanjamau ya salwanta a hanya. Da ya iso Yamai ya sake shiga layi, ana ba shi kyauta, jikinsa ya fara dawowa. Yana kwana ɗakin haya ɗaya da mutum takwas 'yan yankinsu, suna haɗa kuɗin shinkafa. Mun yi hira ta awa biyu. Da muka gama na miƙa masa kofinsa, taken binciken a sama da manyan baƙaƙe. Bai iya karatu ba. Ya ninke ta huɗu, ya cusa cikin ledar da yake ɓoye kwalbar magani.

Ɗaya daga cikin abokan ɗakin ya yi lakkwal har aji shida. Yana neman caja ya ci karo da ledar.

Da dare suka fitar da shi, kayansa suka rage a ciki. Mako uku bai sha ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ya ƙi komawa likita saboda wani ɗan ɗakin yana tallan ruwa a bakin ƙofar wurin. Wanda ya san maganin nan ya san abin da mako uku ke nufi: ƙwayar cutar ta sake yawa a jini, kuma yawan yankewa na iya sa ta daina jin maganin, sai an koma wani. Wannan yankewa ta biyu ce gare shi. Ta farko sojan wata ƙasa ne sanadi, ta biyu ni.

Baba ne ya gaya mini, bai ɗaga murya ba.

"Kai ka samu abin rubutawa, shi ya rasa wurin kwana."

Na ce, "Baba, doka ce ta aikin."

Ya ce, "To, dokar ta zo ta ba shi tabarma."

Na koma gaban kwamiti da roƙo. An ɗauki wata biyu ana ja, daga baya aka yarda a karɓi yarda da baki, gaban shaida ɗaya da mutumin ya zaɓa da kansa. Duk wata takarda da za ta fita daga hannuna aka canza mata take ta koma "lafiyar matafiya", kalmomin da nake gaya wa Inna. Muryoyin da na ɗauka ina gogewa da zarar na kwafe, sunayen garuruwa ina musanyawa. Ranar kare kundin wani malami ya nemi taswirar wuraren da suke taruwa, ya ce aikin zai fi ƙarfi. Na ce babu. Ya rage mini maki, kuma ta fuskar ilimi yana da hujja.

Abokai a fada sukan tambaye ni, kai da kake salla, mi ya kai ka? Ba fatawa aka aike ni in bayar ba. Na ga nas da ke ƙwala wa ɗan daudu kira da sunan mace don layi ya yi dariya, mutumin bai sake dawowa ba. Na kuma ga wata hajiya, carbi a hannu, tana ba matafiyi maganin wata uku a tashi ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016, ta rubuta sunan maganin a guntun kwali ba tare da tambarin komai ba, ta ce, "Ɗana, duk inda ka sauka ka nuna wannan."

Ita ce ta mayar da saurayin kan magani, ta ƙofar baya, bayan la'asar. Da aka soke dokar 2015-36 mai hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, motocin Agadas suka koma tashi a fili, ya sake kama hanyar arewa. Ya kira ni sau ɗaya daga can, yana so in karanta masa abin da ke jikin kwalin don ya haddace ko da ya ɓata. Na maimaita masa sau uku. Bayan wata ɗaya lambar ta daina shiga. Kofina na takardar, mai lamba 14 da shatin babban yatsansa, yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, na kasa ƙonawa.