Annie Brackett: ƙawar jarumar da aka kashe a mota, da yadda ake haɗa irin fitowarta

Duk wanda ya kalli fim ɗin tsoro na Amurka Halloween na 1978 yana tuna Laurie, yarinyar da ta tsira, yana tuna makashin, Michael Myers, da farar fuskarsa ta roba. Annie Brackett kuwa sai an tuna wa mutum ita. Amma a ganina ita ce ta ɗauki nauyin tsoron fim ɗin, kuma matasanmu masu ɗaukar gajerun fina-finai da waya a Kaduna, daga Rigasa har Unguwar Rimi, ita ya kamata su zauna su nazarta kafin su kalli makashin.

Nancy Kyes ce ta fito a matsayinta, lokacin tana amfani da sunan Nancy Loomis. A labarin, 'yar Leigh Brackett ce, shugaban 'yan sandan Haddonfield, garin da abin ya faru, kuma aminiyar Laurie ce. Ga baki, ga tsokana. Daren da abin ya faru an bar mata renon wata yarinya, Lindsey Wallace, a gidan da ke tsallaken wanda Laurie ke reno a ciki. John Carpenter da Debra Hill da suka rubuta labarin ba su yi garajen kashe ta ba, sai da fim ya wuce rabi. Kafin nan mun gan ta tana yin gugguru, bota ta zube mata a riga, ta tafi ɗakin wanki ƙofa ta rufe da ita, ta maƙale a taga sai da ƙaramar yarinyar ta zo ta ciro ta. Duk lokacin makashin na kusa. Kowane karo mai kallo yana cewa yanzu ne, sai ta wuce lafiya. Kafin ajalinta ya zo ka riga ka san ta kamar 'yar maƙwabta.

Ga yadda aka jera mutuwar. Ta miƙa Lindsey wajen Laurie don ta je ɗauko saurayinta Paul. Ta isa mota, ta ja ƙofa, a kulle. Ta koma cikin gida ta ɗauko makulli. Da ta dawo, ta ja ƙofar ta buɗe ba tare da ta sa makullin ba, kuma ba ta lura ba. Mai kallo ne ya lura. Ta zauna, sai ta ga gilashi ya yi raɓa ta ciki, ta kai hannu ta shafa. Numfashin wani ne. Nan makashin ya taso daga kujerar baya ya shaƙe ta, sannan wuƙa, kanta ya faɗa kan sitiyari hon ya ɗauka. Jinin da aka nuna bai taka kara ya karya ba. Ƙofa da gilashi ne suka yi aikin.

Wanda zai kwaikwayi wannan a Kaduna, gilashi ne zai fara ba shi wahala. A watan Maris ko Afrilu ko mutum biyar ka cusa a mota ba zai yi raɓa ba, don raɓa sai gilashi ya fi iskar ciki sanyi. Lokacin hunturu ne ya dace, Disamba zuwa Janairu, bayan dare ya yi nisa. Ka zuba tafasasshen ruwa daga filas a kwano, ka ajiye a ƙasan kujerar gaba, ka rufe tagogi na 'yan mintuna, ka cire kwanon kafin 'yar wasa ta shiga kada ta ƙone. Da an buɗe ƙofa raɓar ta fara gudu, saboda haka kyamara ta kasance a shirye. Fitila kuma a bayan gilashin za ka sa ta, tana fuskantar kyamara daga gefe. In ka haska ta gaba, raɓar ɓacewa take yi a hoto.

Sai jini. Zoɓo ba ya yi: ya cika ruwa, kuma launinsa yana karkata zuwa shanshanbale. Tumatirin gwangwani kuwa ko yaro ya gane shi. Abin da ke yi shi ne sukari kofi 2 da ruwa kofi 1, a dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin zuma, a matsa ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1 don kada ya koma ƙanƙara in ya huce. Bayan ya huce a sa jar kalar kek babban cokali 1, garin koko ƙaramin cokali 1, shuɗiyar kala ɗigo 1 ko 2. Kokon ne ke kashe ƙyallin ja ya ba shi duhun jinin gaske. Shuɗin in ya wuce ɗigo 2 ya ɓata tukunyar duka. Masu sayar da kayan kek a babbar kasuwa ta Sheikh Gumi suna da kalolin. A gwada shi a fatar 'yar wasan, ƙarƙashin fitilar da za a yi aiki da ita, domin jan da ya fito a fatar Bature yakan nutse a baƙar fata da dare. Shi ya sa farar riga take taimako, kuma farar rigar maza ce a jikin Annie a wannan fitowa. A tanadi riga iri ɗaya guda 2 ko 3, don kalar kek tana kama yadi. Sukari kuma yana kiran ƙuda da tururuwa, a ajiye bokitin ruwa da tsumma kusa.

In ana so jinin ya fito yana gudu, sirinji babba da robar ƙarin ruwa sabuwa sun isa, a ɓoye robar ƙarƙashin kwalar riga, a sirka jinin da ruwa kaɗan don ya bi. Mahaɗar robar ce ke cin amana. A fim ɗin Friday the 13th na 1980, wajen da kibiya ta huda wuyan Kevin Bacon, wuyan roba mai haɗa raunukan fim Tom Savini ya haɗa, ɗan wasan yana ƙarƙashin gado kansa kaɗai a waje. Ana cikin ɗauka robar ta cire daga famfonta, sai da mataimakin Savini ya hura jinin da baki. A naɗe mahaɗar da salatif, a gwada da ruwa zalla sau biyu tukuna.

Wuƙar gaske ba ta shiga mota, ko dakusasshiya ce. A yanka kwali mai kauri a liƙa masa takardar azurfa. Shaƙewa kuma 'yar wasan ce ke riƙe hannun makashin tana jijjiga shi, shi ya ɗora tafinsa a ƙashin wuya ta ƙasa ba tare da ya matsa ba. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun da rana. Ihun mace da dare a unguwa, ga mutum da rufaffiyar fuska, ba abin da za a bari sai an yi bayani daga baya ba ne.

Annie ba ta ƙare a motar ba. Yaron da Laurie ke reno ya hango ta taga ana ɗauke da gawarta, ya faɗa, ba a yarda da shi ba. Daga baya Laurie ta same ta shimfiɗe a gado, dutsen kabarin Judith Myers, yayar makashin da ya kashe tun yana yaro, a saman kanta. A kashi na biyu, na 1981, an sake nuna ta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, mahaifinta da ya kwana yana sintirin garin ya zo ya ga 'yarsa ce. Da darakta Rob Zombie ya sabunta fim ɗin a 2007 ya ba Danielle Harris matsayin, ya bar ta da rai da raunuka, sai a na 2009 makashin ya cim mata a gidan mahaifinta.