Ɓeran Masar da tarin kare: wasiƙa daga Beljiyam

Assalamu alaikum 'yan'uwa, mutanen ƙasar Ringim da kewaye. Ina fata an kai amfanin gona rumbu lami lafiya. Ya hunturu? Mu ma nan sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi.

Makon jiya ɗan ƙanena ya aiko mini da saƙon murya, muryarsa na rawa. Da kuɗin barka da sallah ya sayi ɓerayen Masar biyu, suka hayayyafa har suka kai tara. Cikin kwana goma shida suka mutu. Atishawa suka fara, sai majina da kwantsa, sai suka ƙi ci, suka takure a lungu gashi a tashe, numfashi da ƙyar. Na tambaye shi labarin karen gidan. Ya ce, "Baffa, wallahi ko kusa da su bai taɓa kai baki ba, a gefen akurkin kawai yake kwana." Na ce yana tari? Ya yi shiru, sannan ya ce tun da aka dawo farauta yake yi, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya.

Shekara shida ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a nan, ni ne mai riƙe wa likita dabba da wanke keji. Wannan tarin na san shi. Ƙwayar cutar da ta fi kawo shi ana kiranta Bodetela, 'yar'uwa ce ga wadda ke sa wa yaranmu tarin shiƙa. Sunan ma daga nan ƙasar ya fito, daga sunan wani masanin ƙwayoyin cuta, Jules Bordet, wanda shi da abokin aikinsa suka gano ƙwayar tarin shiƙa a 1906, ya kuma samu kyautar Nobel ta 1919. Akwai asibitin ciwon daji mai sunansa a babban birninsu.

A nan, karnuka kan kwaso cutar a gidajen da ake ajiye su idan masu su sun yi tafiya. A wurinmu ba mu da irin waɗannan gidaje, amma muna da farauta. Karnukan ƙauye biyar ko goma a mota ɗaya, hanci da hanci, su sha a kwano ɗaya, a kwana a daji, kowa ya dawo da nasa gida. Lafiyayyen kare zai yi tarinsa na sati biyu ko uku ya warke, har ma a manta. Ɓeran Masar kuwa cutar kan sauka masa a huhu, kuma dabba ce mai ɓoye ciwo. Ranar da ka gane ba shi da lafiya, ya kwana biyu a ciki. Ba a buƙatar cizo. Atishawar kare ta wadatar, ko kwanon da ya lasa, ko hannun yaron da ya shafa kansa ya wuce ya ɗauki ɓeran. Karen da tarinsa ya tsaya ma yana iya ci gaba da zubar da ƙwayar har makonni.

Da na ce masa ya ware wa kare kwanonsa, sai na tuna karatunmu na zaure: idan kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Wannan hukunci ne na addini, malamai ne masu bayaninsa, amma gidan da ya riƙe shi ya riga ya rufe ƙofa ɗaya. Sauran aikin ba wuya. A ɗaga akurkin daga ƙasa, a kai shi ɗakin da kare ba ya shiga. A fara kula da ɓerayen da safe kafin a taɓa kare, a wanke hannu da sabulu. Wanda aka sayo sabo daga kasuwa a ware shi sati biyu zuwa uku kafin a haɗa.

Akwai wanda ya fi kare ɓarna a ɓoye, wato zomo. Mun saba zuba zomaye da ɓerayen Masar a ɗaki ɗaya, wai ai duk ciyawa suke ci. Zomo na iya ɗauke da ƙwayar nan a hancinsa yana tsalle-tsallensa garau, maƙwabcinsa na mutuwa. A raba musu ɗaki. Kyanwa ma tana ɗauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin da yaron ya ba su. Ya je kyamis ya sayo kafso, ya fasa a ruwa, don tausayi. Ampiclox ne, dangin penisilin. Ina roƙonku, kada a ba ɓeran Masar penisilin ko wani danginsa, irin su amoksisilin da ampisilin. Cikinsa ya dogara ne da wasu ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Waɗannan magunguna su suke kashewa, masu guba su samu fili, zawo ya biyo baya, dabba ta tafi cikin 'yan kwanaki. Ban gaya masa kai tsaye cewa wataƙila wasu ba tarin ne ya kashe su ba, yaro ne. Akwai magungunan da suka dace da su, amma malamin dabbobi ne zai zaɓa, ya auna da nauyin jiki, don babbansu da ƙyar ya wuce kilo ɗaya. Wanda ya yini bai ci komai ba kuwa, ba a jira gobe da shi.

Sai cima. Asalin dabbar nan daga tsaunukan Kudancin Amurka take, wajen Peru da Bolibiya, ba ruwanta da Masar, kuma can abinci ce kamar kaza. Kamar ɗan'adam, jikinta ba ya haɗa bitamin C da kansa, sai ta ci. Da damina ba matsala, ciyawa ɗanya ko'ina. Da rani ne muke barin su da dusa da harawa zalla, jiki ya yi rauni daidai lokacin da ƙurar hunturu ke cika hanci kuma ake farauta. Yankan gwaiba, koren tattasai mara yaji, ɗan kabeji ko karas daga 'yan lambu kullum, ya isa. Banda albasa. A riƙa sauya shimfiɗa kuma, warin fitsarin da ya taru yana cin huhunsu. A tare musu iskar dare da buhu, amma kada a toshe ɗakin ruf.

Uku suka rage wa yaron. Ya mayar da su tsohon ɗakin kakarsa, ya ɗora akurkin a kan bulo huɗu, karen kuma ya koma ƙofar gida. Jiya ya turo hoton macen tana cin gwaiba, ya ce yana jin ciki gare ta. Cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, na ce ya fara ƙirga.

A gaida dattawa, a shafa mini kan yara.

Naku,
ɗan'uwanku a Beljiyam