Yadda na yi fama da John Donne da masu cewa komai jiki ne

A aji uku na jami'a ne kwasa-kwasai biyu suka haɗe mini a semista ɗaya, ɗaya na adabin Ingila na ƙarni na 17 ɗaya kuma gabatarwar falsafa da na ɗauka don cike gurbi kawai, kuma duk biyun aka ba mu aikin gabatarwa a gaban aji. Lalaci ya sa na ce bari in haɗa su in yi karatu ɗaya.

Na fara da matiriyalizim don shi ne mai sauƙin kamawa. A falsafa ra'ayi ne cewa duk abin da ke akwai jiki ne, abu mai ɗaukar wuri, tunani da soyayya da tsoro ma motsin jiki ne kawai. Democritus na Girka tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa ya ce ba komai sai ƙwayoyin zarra da sarari, Epicurus ya ɗora, Lucretius na Rum ya zuba shi a waƙa. A Ingila kuwa Thomas Hobbes ne ya tsaya kai da fata a kansa, a littafinsa Leviathan na 1651 ya ce zancen wai akwai abu marar jiki magana ce mai cin karo da kanta. Ni dai ban yarda da shi ba sam, amma dole ka san hujjar mutum kafin ka ce masa a'a.

Waƙoƙin metafizika, wato waƙoƙin su John Donne, mawaƙan Ingila na ƙarni na 17, su ne suka ba ni ciwon kai. Ba mawaƙan ne suka raɗa wa kansu sunan ba, Samuel Johnson ne ya liƙa masu a 1779, kuma ba yabo yake ba, ƙorafi yake cewa suna ɗaure abubuwan da ba su da dangantaka da ƙarfin tsiya. Ni na shiga ina jiran maganar ruhi da gaibu, sai ga Donne yana waƙa a kan ƙuma. Ƙuma fa! Wai ta cije shi ta ciji budurwar, jininsu ya gauraya a cikinta, don haka ai tamkar an riga an ɗaura, yarinya ta sa farce ta murƙushe ta, shi kuma ko gezau, ya juya kisan ma ya zama hujjarsa. Gaskiya mutumin ɗan rainin hankali ne, kuma shi ne daga baya ya zama shugaban majami'ar St Paul a Landan a 1621.

Wadda ta buɗe mini kai ita ce ta bankwana da ya kamanta masoya biyu da kamfas ɗin zana da'ira. Na karanta na sake karantawa ban gane ba, sai na ari akwatin lissafin ƙanwata na ciro kamfas ɗin na kafa tsinin a takarda. Da na buɗe ɗaya ƙafar ta yi nisa sai na ga ta tsakiyar ta karkata tana binta, da na dawo da ita sai ta miƙe. Shi ke nan abin da yake faɗa, matar tana gida ba ta motsa ba amma ta karkata wajen mijin da ya yi tafiya, kuma tsayuwarta ce ke sa da'irarsa ta fita daidai. A waƙar ma yana yi wa masoyan da soyayyarsu ta tsaya a ido da leɓe da hannu kallon raini, ya ce su ne rabuwa ke kashewa. To ka ga yana musa cewa mutum jiki ne kawai, amma da ƙarfe da zinariyar da aka buga ta yi siriri yake kafa hujjar.

Nan kwasa-kwasan nawa suka haɗu. Donne ya rasu a 1631, shekara 20 kafin littafin Hobbes, amma iskar ta riga ta fara kaɗawa, Galileo ya buga abin da ya hango da madubin hangen nesa a 1610, a 1611 Donne ya rubuta waƙar makoki yana kukan cewa sabon ilimi ya jefa komai cikin shakka, duniya tana marmashewa tana komawa zarra. Andrew Marvell, wani daga cikin mawaƙan, shi ma da yake lallashin tasa budurwar da kabari da tsutsa ya tsorata ta.

Tun daga nan na daina karanta su kamar waƙar shauƙi, ina bin su kamar shari'a, in nemo "idan" da "amma" da "saboda haka", in rubuta da'awar kowane baiti a gefen takarda da Hausa. In akwai abu a ciki, taswira ko kamfas, in nemo shi in riƙe ko in zana. Ranar gabatarwa da kamfas ɗin na shiga aji, malamar adabi ta karɓa ta gwada da kanta a kan rajista, shi kuwa malamin falsafa cewa ya yi na ba Hobbes minti biyu na ba ƙuma goma, ya rage mini maki.