Asabar, ranar suna a unguwar Bukoki, Yamai

Yau aka yi sunan ɗiyar Yaya, ɗan Kawu. Tun bayan asuba nake gidan. Liman ya raɗa suna, an yanka rago, an raba goro da dabino, har azahar komai lafiya. Rigimar ta taso ne kan tiren nama.

Abokan Yaya na fada, wato majalisar hirarsu, suna zaune ƙarƙashin rumfa suna dafa shayinsu, sai yara suka yi kuskure suka fara kai wa baƙin da suka zo daga Tawa. To, mutanen da suka kwana a mota fa! Amma Yaya ya ce an wulaƙanta shi gaban abokansa. Ya tare kabu-kabu ya bar gidan, ya kashe waya. Mutum mai shekara 33, uban 'ya'ya biyu, ranar sunan ɗiyarsa. Kawu ne ya tsaya yana sallamar baƙi, kunya kamar ya nutse.

Da na kai wa Gwaggo labari a ɗaki, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙuruciya ta, ɗiyata, ku ƙyale shi, zai huce."

Can da la'asar na iske mai jego tana kuka a bayan labule. Shekararta 19. Gwaggon nan dai ta leƙo ta ce mata, "Ke, bar yarinta! Ke uwa ce yanzu."

Abin ya tsaya mini a rai. A gidanmu in an ce ƙuruciya, an ba mutum uzuri ke nan: jini ne ke tafasa, lokaci zai gyara shi, shi ya sa ma ake cewa ƙuruciya dangin hauka. Yarinta kuwa, in an faɗa wa wanda ya wuce goyo, tsawa ce, ana nufin ka yi abin da ka girme shi. Sai ga shi an ba mai gemu kalmar lallashi, an jefi yarinyar da ba ta daɗe da barin lakwal ba da kalmar faɗa. Ni a ganina abin da Yaya ya yi ko yarinta bai kai ba, don yaro in ya yi fushi, alewa ɗaya ta sauko da shi. Sakarci ne.

Ba Gwaggo kaɗai ba ce. Dokar ƙasar nan da kanta ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18. Mu ana gaya mana mun girma tun ranar da muka iya tuƙa tuwo. Su kuma a bar su kan benci da butar shayi har furfura ta fara leƙowa, ana cewa yara ne.

Ban ce wa Gwaggo uffan ba, ba ranar gardama ba ce. Na dama wa mai jego kunun kanwa, na riƙe mata jaririya ta samu ta ɗan runtsa.

Bayan isha'i Yaya ya kunna waya. Ni ya aiko wa saƙo a WhatsApp, wai ko an ajiye masa kan ragon. Na ce ya tambayi Kawu. Gobe da sassafe sai na koma, akwai kujerun haya da za a mayar, kuma biyu sun karye.