Ranar da Klopp ya rera sunan magajinsa

Ɗazu na ci karo da bidiyon bankwanan koci Jurgen Klopp a Anfield, filin wasan Liverpool, na watan Mayun 2024. Mutumin da ya ciyo wa Liverpool Kofin Zakarun Turai a 2019, ya kawo ƙarshen jiran shekara 30 da kofin Firimiya a 2020, ga makirufo a hannunsa, sai kawai ya kama rera sunan magajinsa Arne Slot, 'yan kallo suka amsa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Slot ya ɗauki Firimiya a kakarsa ta farko, kusan da yaran da ya tarar, su Salah da Van Dijk. Ba raina ƙoƙarinsa nake ba, amma ni dai a wurina rabin kofin nan na Klopp ne.